Ƙwaryar kuloci ta tsage sau biyu: laifin alminiyam ne ko na kujerun da na ɗora inji a kai?

Mai Tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki, domin abin ya fara fin ƙarfin sanina. Shekara biyu ke nan ina haɗa motar hawa duwatsu da ratsa kwazazzabai a kan shasin wata tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Na sa mata injin dizal na Cummins 4BT, na haɗa shi da akwatin giya SM465, a bayansa na ƙara rabin akwatin NP203 domin ya ninka ƙarfin ƙaramar giya, sannan daga ƙarshe akwatin NP205 wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Duk waɗannan akwatuna na ƙarfen zubi ne, kuma abin da ya haɗa su da inji shi ne ƙwaryar kuloci, wadda makanikai ke kira belhausin, ita kuwa ta alminiyam ce.

Ga yadda na zaunar da su a kan shasi. Injin yana kan kujeru biyu na roba, ɗaya dama ɗaya hagu. A ƙarƙashin akwatin giya na sa kujera guda. Da na ga nauyin akwatin rabo ya yi yawa, kuma yana can nesa a baya, sai na yi masa gicciye na musamman, na ɗaure shi da kujeru biyu na foliyuretan mai tauri, kowace ɗaya dab da sandar shasi ta gefenta. A tunanina, yawan madogara shi ne yawan ƙarfi.

Fita ta uku da na yi da motar, ƙwaryar ta tsage daga kunnen notin sama na hagu ta gangaro zuwa ramin kik. Na kai aka yi mata walda, bayan fita biyu ta sake tsagewa a gefen waldar. Yanzu ina tunanin ɗayan abu biyu: ko in nemi ƙwarya ta ƙarfe, ko in sa farantin ƙarfe tsakanin inji da ƙwarya in ɗaure shi da shasi, ta yadda tsakiyar ma za ta sami madogara. Wanne ne ya fi dacewa, kuma shin alminiyam zai iya ɗaukar irin wannan kaya tun farko?

Tsohon Makaniki

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka nemi sabuwar ƙwarya, ka tsaya ka ƙirga wuraren da ka ɗaure wannan kaya da shasi. Biyar ne, kuma kana shirin mayar da su bakwai. A ganina ciwon yana nan, kuma in ka sa ƙwaryar ƙarfe ba tare da ka gyara wannan ba, tsagar za ta yi ƙaura ne kawai zuwa farantin haɗi ko kunnen akwatin giya, ko ma bayan bulok ɗin inji, wanda ya fi su duka wuyar samu.

Shasin irin waɗannan motoci sanduna biyu ne masu buɗaɗɗen ciki da aka haɗa da gicciye kamar tsani, kuma an ƙera shi ne domin ya murɗe. Idan tayar gaba ta dama ta hau dutse, ta baya ta dama kuma ta faɗa rami, gaban shasi yana karkata gefe guda, bayansa yana karkata ɗaya gefen. Inji da ƙwarya da akwatuna kuwa, da zarar an ɗaure su da notuna, sun zama doguwar sanda guda wadda ba ta san murɗewa ba. Kai ka riƙe gaban wannan sanda da hannu biyu, ka riƙe bayanta da hannu biyu masu faɗi, sannan ka bar shasi ya matse ta kamar yadda ake matse wanki. Dole wani wuri ya ba da kai, kuma mafi rauni a jerin shi ne alminiyam ɗin da ke tsakanin ƙarafan zubi, musamman da yake an huda shi domin kik da cokalin kuloci.

Wannan ne dalilin da ya sa yawancin motocin da injinsu ke kwance a tsaye daga gaba zuwa baya suke fitowa daga masana'anta da madogara uku: biyu a gefen inji, ɗaya a tsakiya can baya. Kujera mai ƙafa uku ba ta girgiɗi a kan ƙasa marar daidai, domin duk yadda ƙasar ta karkace ƙafafun uku za su same ta. Ƙafa ta huɗu ce ke kawo rigima. Masu ƙera Unimog a Jamus, motar da aka san ta da shasi mai murɗewa da gangan, a kan wannan ƙa'ida ta madogara uku suke ɗora jiki da kayan da ke bisa shasin, domin shasi ya yi rawarsa ba tare da ya karya abin da yake ɗauke da shi ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka gaskiyar maganata ko akasinta. Ka cire notunan kujerun baya biyun nan, ka bar akwatin yana zaune a kansu kawai. Ka hau da tayar gaba guda kan tudu ko tarin katako har sai tayar baya ta kusa barin ƙasa, ka ja birki, ka sa wa tayoyin waigi, ka kashe inji, sannan ka leƙa da tocila. Za ka ga kujera ɗaya ta danne ƙwarai, ɗayar kuma ta buɗe baki. Ka auna wannan gibi. Duk milimitar da ka gani a wurin, a da ƙwaryarka ce ke biyan ta.

Batun farantin tsakiya kuwa, motocin tsere a kan kwalta ne suka saba da shi, kuma su shasinsu keji ne na bututu da aka yi wa walda ta ko'ina har ba ya motsi. A kan shasin tsani, wannan faranti zai ƙara ɗaure kayan ne a inda ya kamata a sake su.

Injiniya

Na yarda da Baba a kan musabbabin tsagar, amma ina so in ƙara wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, domin madogara uku ma tana da nata farashin, kuma a irin haɗin da Malam ya yi farashin ba ƙarami ba ne.

Duk ƙarfin murɗa da akwatunan giya suka ninka suka tura wa farfela, daidai da shi yana komowa jikin akwatunan ta ɗaya gefen, yana neman ya juya su. Idan kujerar baya guda ce a tsakiya, ba ta da faɗin da za ta hana wannan juyi, saboda haka ƙarfin yana bi ta jikin akwatin rabo, ya ratsa akwatin giya, ya ratsa ƙwaryar kuloci, har ya isa kujerun inji biyu, waɗanda su kaɗai ne ke da faɗin tare shi. Giya ta ɗaya a SM465 tana ninkawa sau 6.55, NP203 kusan sau 2, NP205 kuma sau 1.96, jimilla kusan sau 26. In muka ɗauka injin yana ba da ƙarfin murɗa na nyuton-mita 400, lissafin takarda zai ba mu sama da 10,000 a bakin farfela. A zahiri tayoyi za su zame tun kafin a kai can. Mu ɗauki mota mai kilo 3,000, da taya mai inci 37 wadda rabin faɗinta ya kai mita 0.47, da aksil mai ninki 4.88, a kan dutse mai riƙo sosai: abin da farfelolin biyu za su iya turawa gaba ɗaya kafin taya ta zame bai wuce nyuton-mita 2,800 da 'yan kai ba. Kusan dukkan wannan adadi ƙwaryar ce za ta ɗauka, kuma in tsakanin kujerun inji santimita 60 ne, kowace ɗaya za ta ji kimanin kilo 480, ta hagu ana fizgar ta sama, ta dama ana danna ta ƙasa, sai in an sa ribas lamarin ya juye. Ranar da taya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, ko ta yi tsalle tana juyawa ta dira, adadin yana haura wannan nesa ba kusa ba, na ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ke ceton ƙwarya shi ne siffarta. Zobe ne mai faɗi, kuma zobe yana da juriya ga murɗawa matuƙar duk notunansa a ɗaure suke, fuskokin biyu kuma sun manne. Inda ta fi rauni shi ne lanƙwasa, wato a danna tsakiyar jerin ƙasa ko a bar wutsiyarsa tana reto. Masu ƙera injunan dizal suna rubuta iyakar wannan a takardun bayanai, kuma adadin da ake gani ga injunan Cummins da dama shi ne nyuton-mita 1,356 a fuskar bayan bulok. Mu gwada da kayan Malam, a ƙiyasce: akwatin giya mai kimanin kilo 80 wanda tsakiyar nauyinsa ke santimita 35 daga bulok, akwatin ninki da farantansa kilo 40 a santimita 75, akwatin rabo mai kilo 60 da ɗoriya a santimita 95. In babu abin da ya tallafe su, wannan ya haura nyuton-mita 1,100 motar tana tsaye cik, kuma faɗawa rami guda na iya ninka shi sau biyu ko uku. Ke nan tsoron da ya sa Malam ya tallafi akwatin rabo tsoro ne mai tushe, hanyar da ya bi ce ta kuskure.

Shawarata ita ce kujerar baya ta zama guda, a tsakiya, amma a matsar da ita baya zuwa ƙarƙashin farantin da ya haɗa akwatin ninki da akwatin rabo, inda nauyin yake, a cire ta ƙarƙashin akwatin giya gaba ɗaya. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda nauyin da ke bayan kujerar ya kusa daidaita wanda ke gabanta, har fuskar ƙwarya ta zama ba ta jin lanƙwasa sosai. Ana iya gano shi a ƙasa kafin a ɗora: a zaunar da inji a kan kujerunsa, a tallafi baya da jak, a sassauta notunan ƙwarya zagaye ɗaya kacal ba tare da an cire ko guda ba, sannan a riƙa matsar da jak ɗin ana duba haɗin. In baki ya buɗe ta sama, wutsiya ta yi nauyi, sai a ja jak baya. In ya buɗe ta ƙasa, tsakiya ce ke lotsawa, sai a dawo da shi gaba.

Game da juyin kuma, a sa hannu guda daga jikin akwatin rabo zuwa shasi, da roba mai laushi sama da ƙasa, a bar ɗan sarari tsakani, ta yadda a tafiyar yau da kullum ba ya taɓa komai, sai an yi babbar fizga ya kama. Sararin dole ya fi gibin da gwajin Baba zai nuna a daidai wannan nisa daga tsakiya. Ga ma'auni: murɗewar digiri ɗaya tak tana ɗaga wurin da ke santimita 35 daga tsakiya da kimanin milimita 6, ta sauke na ɗaya gefen da milimita 6, alhali tsakiyar ba ta motsa ba.

Sannan taurin kujerun ya zama iri ɗaya, ko kuma ta baya ta fi laushi. Malam ya yi akasin haka, ya sa roba mai laushi a gaba da foliyuretan mai tauri a baya, injin 4BT kuwa silinda huɗu ne mai jijjiga ƙwarai, saboda haka injin yana rawa a kan robarsa, wutsiya tana daskare, ƙwarya tana tsakani dare da rana. Alminiyam ba shi da wani matakin wahala da in an tsaya ƙasa da shi zai jure har abada kamar yadda ƙarfe yake da shi; ƙaramar lanƙwasa in ta maimaitu sau miliyoyi tana tsaga shi.

Mai Tambaya

Allah ya saka da alheri, Baba, da kai da Injiniya. Na yi gwajin jiya da yamma. Da tayar gaba ta dama ta hau, kujerar baya ta gefe guda ta buɗe har na zura ɗan yatsana, da na auna kuwa milimita 9 ne, ɗayar kuma ta matse har foliyuretan ɗin ya kumburo ta gefe. Na daɗe a tsugune ina kallon wurin. Zan koma madogara uku kamar yadda kuka ce. Saura tambaya biyu: shin in ci gaba da amfani da ƙwaryar da aka yi wa walda, kuma ba zai fi sauƙi ba in raba akwatin rabo da sauran kayan, in zaunar da shi shi kaɗai?

Mai Walda

Malam, walda sana'ata ce, amma ba zan ba ka shawarar mayar da wannan ƙwarya ba. Alminiyam na zubi da ya sha mai shekara da shekaru yana fitar da datti cikin walda, gefen da zafi ya taɓa yana yin laushi, shi ya sa ta biyun ta tsage kusa da ɗinkin, ba a kansa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne zafi yana karkatar da fuskokinta, kuma aikin ƙwarya na farko, kafin ɗaukar nauyi, shi ne ta tsayar da sandar shigar akwatin giya daidai da tsakiyar karanshaf.

Ko wace iri ka samo, ta alminiyam ko ta ƙarfe, ka auna ta kafin ka ɗora akwati. Ka kafa agogon awo mai gindin maganaɗisu a kan filawil, ka sa bakinsa a cikin da'irar ramin da akwatin giya ke shiga, ka juya injin da hannu zagaye guda kana rubuta abin da allura ta nuna. Rabin bambancin da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta shi ne kaucewar tsakiya, kuma iyakar da aka saba bi ita ce inci 0.005, wato kimanin milimita 0.13. In ta wuce, akwai fegin saiti masu kaucewa da ake sayarwa a matakan inci 0.007 da 0.014 da 0.021, ana juya su har tsakiyar ta dawo. Kada ka ɗauka ƙwaryar ƙarfe ta kuɓuta daga wannan. Tambarin SFI 6.1 da ake gani a kan wasu yana nufin za su iya tare ɓaraguzan kuloci ko filawil in ya tarwatse, bai ce komai ba game da daidaiton ramin.

Fegin saiti biyun nan da ke bayan bulok, ka tabbata suna nan kuma sun shiga ƙwarya sosai, musamman in ka sa farantin haɗi tsakanin bulok da ƙwarya, wanda ke cinye tsawonsu. Su ne ke riƙe matsayi, notuna matsewa kawai suke yi. Na sha ganin an bar fegi guda a tsohon inji an manta. Notin da ke shiga alminiyam ya sami zare mai zurfin ninki biyu na kaurinsa, kuma kada a taɓa jawo akwati da noti in ya ƙi shiga, domin nan take kunne ke samun tsagar da ido ba ya gani sai daga baya. In kana shakkar wata ƙwarya ta hannu, ka wanke ta, ka fesa mata jan ruwan gano tsaga, ka goge, ka bi da farar hodarsa, layin zai fito ja.

Abu biyu kuma da ke karya ƙwarya ba tare da laifin kujeru ba. Na farko farfela ce da ba ta da isasshen wurin zamewa: idan sifirin ya matse har ƙarshe, farfelar ta gama shigewa cikin kanta, sai ta tunkuɗo akwatin rabo gaba kamar an buga shi da guduma. Ka matse ƙafar motar har iyaka, ka sake ta har iyaka, ka tabbata akwai sauran zamewa a kowane hali. Na biyu farantin kariya na ƙasan mota ne. Ya rataya a jikin shasi shi kaɗai, da sarari tsakaninsa da akwatuna, domin in ya haɗu da gicciyen da ke ɗauke da kujerar baya, duk dutsen da ya daki faranti ya daki akwati. Gicciyen kansa ka ɗaure shi da notuna ta bangon sandar shasi, kada ka huda leɓenta na sama ko na ƙasa, kada kuma ka ja walda a gicciyen leɓen.

Tsohon Makaniki

Raba akwatin rabo hanya ce da aka daɗe ana bi, ɗana, motocin Ford F-250 masu jan ƙafa huɗu na farkon shekarun 1970 haka suke fitowa, akwatin yana zaune a kan nasa gicciyen, gajeriyar farfela tana haɗa shi da akwatin giya. Amfaninsa a bayyane yake: nauyin wutsiya ya sauka daga kan ƙwarya, kuma juyin da akwatin rabo ke ninkawa yana shiga shasi kai tsaye ba tare da ya bi ta kanta ba. Sai dai yana cin tsawo. Gajeriyar farfelar da kuros biyunta za su tura akwatin baya, farfelar baya ta gajarce, kusurwarta ta yi tsanani, kuma a motar da aka ɗaga sama wannan yana kawo jijjiga da saurin cin kuros. Ga kuma NP205 ɗinka irin wanda ake haɗewa ne, sai ka canza masa bakin shiga ko ka nemo irin na rabe, sannan ka yanke shawarar inda akwatin ninki zai zauna.

Ka auna tazarar da ke tsakanin bakin akwatin rabo da aksil na baya yadda take yanzu, ka faɗa mana, tare da tsayin da ka ɗaga motar. In abin da zai rage wa farfelar baya bayan rabawa bai kai mita guda ba, ni dai zan bar su a haɗe, in yi kujera guda a inda Injiniya ya nuna, in sa hannun tare juyi da sararinsa, sannan in maimaita gwajin tudun nan da tayar dama da ta hagu kafin in ɗaure notin ƙarshe.